A Hannun Wa Za Ki Bar Shi?

Karatun yau: Luka 10:25-37; Yahaya 10:11-15

Kwanakin baya wata 'yarmu, ɗiyar wani dattijon ikilisiya, ta kira ni a waya daga ƙasar Amurka, muryarta tana rawa. Ma'aikaciyar jinya ce. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Baba Fasto, in na zauna, ina tsoro wani zai mutu a hannuna. In na tafi, ina tsoro wani zai mutu a bayana. Me zan yi?" Na yi shiru, gama tambayar ba ta gaggawa ba ce. Ta yarda in kawo muku maganar ba tare da sunanta ba, domin wata rana kai ma za ka iya samun kanka a irin wannan hali, gaba kura baya sayaki.

Bari in fara da bayyana irin aikinta. A Amurka akwai ma'aikatan jinya da ba su da asibiti guda. Kamfani ne yake ɗaukarsu, ya aika da su inda ake ƙarancin ma'aikata. Yawanci kwantiragin na mako 13 ne, aikin yini ko na dare kuwa sa'a 12 ne. In sun gama a wannan gari sai su wuce wani. Albashin ya fi na ma'aikacin dindindin, kuma irin wannan aiki ya yawaita ƙwarai a lokacin annobar korona, a 2020 da 2021. Amma ka lura da abu ɗaya: ba a kiran baƙon ma'aikaci sai inda hannu ya yi kaɗan. Wato tun kafin ya sauka, wurin yana cikin matsi.

'Yarmu ta yi mako 7, saura 6. An gaya mata za ta riƙa kula da marasa lafiya 5, sai ga shi kowane dare ana ba ta 8. Kwana ɗaya tak aka yi ana nuna mata yadda wurin yake. Wani dare, wajen ƙarfe uku, ta ɗauko maganin wani za ta ba wani. Sai da ta sake duba sunan da ke ɗaure a hannunsa ta gane. Allah ya kiyaye. Amma tun daga ranar barci ya ƙaurace mata.

Kada ka ce ragwanci ne. A 2002 wata malama mai suna Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania sun bincika asibitoci 168. Sun gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata, cikin kwana 30, da kashi 7 cikin 100. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1999, ta fara aiki da ita a 2004. A ɗakin masu tsananin ciwo ma'aikaci ɗaya ba ya riƙe fiye da mutum 2, a ɗakin jinya na kullum kuwa iyakarsa 5. Amma yawancin jihohi ba su da doka irin wannan. To, ka ga tsoron 'yarmu yana da tushe.

Muryoyi biyu ne suke magana a zuciyar mai irin wannan hali. Ta fari tana cewa, "Alkawari kaya ne. Kin sa hannu a takarda. In kin tafi, mutum 8 ɗin nan za a raba wa abokan aikinki, su da ma sun gaji." Wannan gaskiya ne. Ta biyu tana cewa, "Muddin kina nan kina ɗinke ɓaraka da lafiyarki, masu asibiti za su ce komai lafiya. Ranar da aka yi kuskure, sunanki ne a takarda, takardar izinin aikinki ce za a karɓe, ran wani kuma ya riga ya tafi." Wannan ma gaskiya ne. Shi ya sa abin yake da wuya. Da zaɓi tsakanin nagarta da mugunta ne, ko yaro zai iya. Wannan kuwa zaɓi ne tsakanin hakki biyu.

Wata ƙawarta ta tuna mata da misalin makiyayin da aka ɗauka ƙodago, wanda ya hango kyarkeci ya bar tumaki ya gudu. Ta ce mata duk mai barin aiki irinsa ne. Amma mu duba a hankali. Mene ne laifin mutumin nan? Ba karɓar lada ba ne, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa. Laifinsa shi ne bai damu da tumakin ba, kuma ya gudu daidai lokacin da haɗari ya iso, bai kira kowa ba, bai danƙa su ga kowa ba. Har dokar aikin jinya a Amurka ta san wannan bambanci. Ma'aikacin da ya karɓi marasa lafiya sa'an nan ya fice a tsakiyar aiki bai miƙa su ga wani ba, ya yasar da su, kuma hukumar ma'aikatan jinya tana iya hukunta shi. Wanda ya gama aikinsa na ranar, ya miƙa komai, ya ba da sanarwar barin aiki, maganarsa ta kwantiragi ce tsakaninsa da kamfani.

Yanzu koma ga Basamariyen nan. Mukan tuna yadda ya tsaya, ya ɗaure raunukan mutumin, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Amma ko ka taɓa lura cewa kashegari ya tafi? Bai zauna har mutumin ya warke ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa kiransa maci amana. Don me? Domin ya kai shi wurin da za a iya kula da shi, ya danƙa shi ga mai masauki, ya ba da dinari biyu daga aljihunsa, ya kuma ɗauki nauyin abin da za a ƙara kashewa. Firist da Balawe sun tafi, Basamariye ma ya tafi. Su sun bar mutumin a bakin hanya, shi ya bar shi a hannun wani.

Saboda haka na ce mata, "'Yata, kin daɗe kina tambaya ko ki zauna ko ki tafi. Akwai tambayar da ta riga wannan: a hannun wa za ki bar mara lafiya?" Sai muka bi abubuwa uku, ina kuma roƙonka ka riƙe su.

Na fari, ko ka faɗi gaskiya ga wanda yake da ikon gyara? Gunaguni a ɗakin shan shayi ba faɗa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta, a sa kwanan wata, a faɗi yawan marasa lafiya da abin da ya kusa faruwa, a kai wa shugabar sashe da kamfanin da ya aiko ka. A jihar Texas ma doka ta ba ma'aikacin jinya dama ya nemi a duba aikin da yake ganin haɗari ne, ta kuma kāre shi daga ramuwar gayya saboda ya nema. Mai tsaro a bisa garu, in ya ga takobi yana zuwa bai busa ƙaho ba, alhakin yana wuyansa, kamar yadda Ezekiyel sura 33 ta koyar. Wanda ya zauna shiru da wanda ya sulale shiru, dukansu biyu ba su busa ƙahon ba.

Na biyu, zamanka yana rage haɗarin ne, ko kuwa yana rufe shi? In kana da ƙarfi, ana kuma sauraronka, ana gyara ko da kaɗan kaɗan ne, to, zauna ka cika alkawarinka. Wahala kaɗai ba dalilin tafiya ba ce. Amma in gajiya ta kai ka ga ba ka iya bambanta wannan kwalba da waccan, to, kai kanka ka zama haɗarin da kake tsoro. Yarda da haka tawali'u ne. Akwai girmankai da yake sa rigar sadaukarwa, yana cewa, "In ba ni ba, ba kowa." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, bincika zuciyarka. Da a ce an ninka maka albashi yau, za ka daina ganin haɗarin? In haka ne, ba lamiri ne yake damunka ba. Da a ce tafiyar ba za ta sa ka asarar ko sisi ba, da tuni ka tafi? In haka ne, kuɗi ne ya riƙe ka, ba ƙaunar marasa lafiya ba. Wanda ya karya irin wannan kwantiragi yakan rasa kuɗin masauki, wani lokaci a ci shi tara, asibitin kuma ya ƙi sake ɗaukarsa. Dinari biyu na Basamariye ke nan. Shawarar kirki takan taɓa aljihu.

Ban yanke mata shawara ba, gama ba ni zan tsaya a gaban gadon mara lafiya ba. Ta rubuta takarda, ta jira mako biyu. Da ta ga ba abin da ya sāke, sai ta ba da sanarwa, ta cika sauran kwanakin sanarwar, ta miƙa kowane mara lafiya da cikakken bayani, ta kuma kai rahoto ga hukumar da ke sa ido a kan asibitoci. Ta yi asarar kuɗi. Wata abokiyar aikinta kuwa ta sa hannu a takardar tare da ita, amma ta zaɓi ta zauna har ƙarshe. Ban ga laifin ko ɗayansu ba, domin dukansu biyu sun yi magana, kuma ba wadda ta bar kowa a bakin hanya.

Kai fa, mai karatu? Wataƙila kai ma'aikacin lafiya ne da aka aika ƙauye, inda ake so ka yi aikin da ba a koya maka ba. Wataƙila kai direba ne, mai mota ya ce ka ɗauki fasinja alhali ka san birki ba shi da kyau. Kada ka yi shirun tsoro ka kira shi haƙuri. Kada kuma ka yi gudun fushi ka kira shi gaskiya. Faɗi abin da ka gani ga mai ikon gyarawa. In zama ne, zauna da ido buɗe. In tafiya ce, kada ka fita sai ka san hannun da ka danƙa wa amanar.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba masu jinyar marasa lafiya ƙarfi da hikima. Ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya, ka tsare mu daga yasar da wanda aka ba mu amanarsa. Ka nuna mana lokacin zama da lokacin tafiya. Amin.