Motar Da Aka Bar Maka Amana A Lokacin Hunturu

'Yan uwa, kaka ta wuce, 'yan ci-rani daga Madadi da ƙauyukan Gwarzo da Kabo sun fara haramar tafiya. Wani zai ajiye motarsa a ƙofar gidanka, ya miƙa maka makulli, ya ce sai damina. To ka sani amana ka karɓa, kuma aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a mayar da amana ga masu ita.

Malaman fiƙihu sun ce mai ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci. Barin batir ya mutu fa? In ya ce ka kula, ka amsa, ni dai ina ganin sakaci ne.

Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Ko mota na tsaye, agogo da ƙararrawar ɓarayi suna zuƙarsa a hankali, sanyin Disamba da Janairu kuma ya rage masa ƙarfi. In ya daɗe babu wuta, ko an kai wa mai caji ba ya komawa yadda yake. Tayar da ita minti biyar da safe bai isa ba, wallahi. Ko dai ka cire wayar da ke kan alamar debewa, ko ka zaga da ita rabin awa duk mako biyu.

Amma fa ka nemi izininsa tun kafin ya tafi. Zagayen caji daban, ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Getso daban. In ta lalace a can, kai za ka biya.