TAURA BIYU BA TA TAUNUWA
Tunani a kan Bisharar Luka 10:38-42



Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san dillalin shanu: hannu yana ƙirga kuɗi, waya tana kunne, ido yana kan garke. Mukan yaba masa, mu ce gwani ne. Amma ku lura, da zarar an kira sunansa sai lissafin ya ɓace, ya koma daga farko. Ashe hankalinsa kai da komo yake yi tsakanin ayyukan nan, kuma a kowace komowa akwai abin da ke zubewa a hanya.

Masana sun auna wannan rauni namu. A shekarar 1956, George Miller na ƙasar Amurka ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda ba su wuce kamar bakwai ba. A 2001 Nelson Cowan ya ce a gaskiya sun fi kusa da huɗu. A 1999 kuma, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard sun sa mutane su kalli hoton bidiyo suna ƙirga sau nawa aka miƙa ƙwallo. Wani mai shigar goggon biri ya ratsa tsakiyar 'yan wasan, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Idonsu a buɗe yake, hankalinsu yana wani wuri.

Abin da ya sami Marta ke nan. Ta karɓi Yesu a gidanta, hidima ta yi mata yawa, har ta soma gunaguni a kan Maryamu wadda ta zauna tana sauraro. Ubangiji bai raina girkinta ba. Abin da ya nuna mata shi ne zuciyarta ta rarrabu, Baƙon da ake yi wa hidimar kuwa ya zama ba ta da kunnen jinsa.

Ni ma na faɗa cikin wannan. Na je kai wa wani dattijo mara lafiya Jibi Mai Tsarki a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar. Yana magana a hankali, wayata ta yi ƙara, na duba. Da na ɗago kai ya riga ya yi shiru. Ya rasu kafin in sake komawa, har yau ban san abin da ya so ya faɗa mini ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu ba kowane abu lokacinsa. In muna gona, mu yi noma da zuciya ɗaya. Direba a hanyar Gumel ya ajiye waya, gama rayukan mutane suna hannunsa. In ɗanka yana maka magana, ka dube shi. In mun shiga Misa, mu kashe waya tun daga bakin ƙofa. In hankali ya gudu cikin addu'ar Rosari, mu komo da shi ba tare da fid da zuciya ba, domin Uba ya san iyakar ƙarfinmu.

Allah ya ba mu hannun Marta da kunnen Maryamu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.