Sandar da ba ta auna taƙawa

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Rogo ta haura mutum dubu 220, Karaye kuwa dubu 140 da ɗoriya. Malamin lissafi ya ɗauki alli ya ja sanduna biyu a allo, ta Rogo ta yi wa ta Karaye fintinkau, ko ɗan aji huɗu ya gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amfanin zanen sanduna ke nan tun da William Playfair ya fito da shi a 1786 don nuna cinikin Sikotland da ƙasashen waje. Amma masarautar da ta haɗa ƙananan hukumomin biyu tun 2024 sunan Karaye take amsawa. Tsawon sanda daban, girma daban.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen raba rukuni. Dokar zanen ita ce kowa ya shiga gida ɗaya tak. To ina za a ajiye mutumin da ke noman masara da damina, ya jefa koma a madatsar Challawa da rani, da dare kuma ya zauna gaban almajirai yana biya musu allo? Manomi ne, ko masunci, ko malam? Mai riƙe da biro ne zai yanke, kuma daga ya yanke, sauran sana'o'in biyu sun ɓace daga takarda. Haka wanda uwarsa Bafulatana, ubansa Bahaushe.

Addini bai hana ƙirga ba. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Manzon Allah (SAW) ya sa a rubuta masa waɗanda suka musulunta, aka samu 1,500. Sayyidina Umar ma ya buɗe diwani, ya jera mutane ƙabila-ƙabila don rabon dukiyar baitulmali. Sai dai aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ɗaure al'amarin: ƙabilu don a san juna aka yi su, fifiko kuwa na taƙawa ne, ita kuma ba ma'aikacin ƙidayar da ya taɓa ganinta balle ya ja mata sanda.

Gwamnati ma ta san zafin abin. Gudun rigimar wa ya fi wa yawa ya sa ba a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba a 2006. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma ɗage ta aka yi.