Baƙuwa Ce Ni ko 'Yar Gari?

A Amurka akwai wani irin aikin jinya da ba a zama wuri ɗaya. Asibitin da hannu ya yi masa ƙaranci sai ya nemi nas ta wajen kamfanonin da ke dillancin ma'aikata, a ƙulla yarjejeniya, galibi ta mako 13. In wa'adin ya cika, ko a ƙara, ko a naɗe kaya a nufi wata jiha. Aikin ya daɗe, amma annobar korona ta 2020 ce ta bunƙasa shi. Shi nake yi, kuma tambayar da ta fara tare ni a cikinsa ta sallah ce: ƙasaru zan yi ko cikawa?

Dalilin tambayar a fili yake. Ana shiga aiki ƙarfe bakwai na safe a fito bakwai na yamma, hutun cin abinci rabin awa ne, azahar da la'asar duk a ciki suke, da hunturu har da magariba. Kwana ɗaya ko biyu kacal ake nuna maka wuri, daga nan a miƙa maka marasa lafiya. Ba ka haddace lambar buɗe ɗakin magani ba, ba ka san likitan da ake kira da dare ba, alƙibla ma sai ka duba waya, don a can arewa maso gabas take. Mai irin wannan hali, in ya ce shi matafiyi ne, wa zai ƙaryata shi?

Na kira malamin da ya karantar da mu Risala a gida. Na ce, "Allah gafarta Malam, tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba."

Ya ce, "'Yata, bar batun nisa. Kwana nawa kika yi niyyar zama?"

Na ce mako 13.

Ya ce, "To, ai ke 'yar gari ce. Cika sallarki."

Hukuncin sananne ne a mazhabar Malikiyya: wanda ya ƙudurta zaman kwana huɗu cikakku a wuri, tafiyarsa ta yanke. Hanafawa sun kai shi kwana 15, wanda shi ma bai cece ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba a rataya hukuncin ga sabo ba. Ba a tambaye ni ko na san hanyar kasuwa, ko akwai mai gaishe ni da safe ba. Niyya kawai aka duba. Tun ranar da na sauke akwati shari'a ta ƙidaya ni cikin mutanen wurin.

A asibiti kuwa akasin haka ake koya wa irinmu. Wata da ta girme ni a wannan aiki ta taɓa ce mini, da kyakkyawar zuciya, "Ƙanwata, baƙo raɓa ne. Yi awoyinki, karɓi kuɗinki, kada ki ɗauki abin da ba naki ba." Tana da hujja. Ma'aikatan dindindin sun san ana biyanmu fiye da su, don haka sau da yawa mu ake fara turawa wani sashe in an rasa hannu. Kuma baƙuwar da ta zo tana cewa a wancan asibitin ba haka ake yi ba, ba ta daɗewa ta gundure kowa. Na yarda da ita a nan. Tsarin gida na masu gida ne.

Inda na rabu da ita shi ne kan ayyukan da amfaninsu ba ya bayyana sai bayan na tafi. Tsohon da ba ya iya motsi, ana juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. In an tsallake sau ɗaya babu mai gani, gyambon kuma a hannun wata zai fito. Na'urar ƙarin ruwa da ke yawan tsayawa, kai rahotonta na cin minti goma daga lokacin da ba ni da shi. Sabuwar nas da ke tsoron sa allura a jijiya, tsayawa kusa da ita ba ya cikin yarjejeniyata. Sanin ranar tafiya yana sa zuciya ta ce waɗannan na masu zama ne. Ni kuwa ban ga yadda zan tsaya gaban Allah da raka'a huɗu a matsayin mazauniya, sannan in koma gadon majinyaci in yi masa rabin aiki a matsayin mai wucewa ba.

Wannan matsayi yana da tsada. Wanda ya ɗauki wuri nasa, rabuwa da shi na yi masa zafi. Dokar sirrin majinyata ta hana ni buɗe fayil ɗin wanda ba ya hannuna, don haka akwai mutanen da na bari tsakiyar jinya, har yau ina ambatonsu a addu'a ba tare da labarin ƙarshensu ya iso ni ba. Abin da nake iya yi shi ne in tsawaita bayanin miƙa aiki a makon ƙarshe: wane ba ya haɗiye ƙwaya sai an niƙa, wance tana ɓoye ciwo in 'yarta na ɗakin, a jira ta fita kafin a tambaye ta.