Waya Tana Karantawa, To Wa Ke Saurare?

Kwanakin baya wata uwa ta tare ni a ƙofar Islamiyyarmu a nan Mazanya, ta ce, "Malama, tunda babansa ya zuba masa karatun Husari a waya, zuwansa wurinku ba ɓata lokaci ba ne?" Dariya na yi a lokacin, amma tambayar ta kwana a raina. Na san ke ma mai yiwuwa kin taɓa raya ta.

Ni dai ba na gaba da waya. A aji ma ina kunna ta. Shehu Mahmud Khalil Husari na Masar, wanda aka naɗi karatunsa na Alƙur'ani cikakke a 1961, ya fi ni fitar da haruffa nesa ba kusa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa wa yara haka. Ina kunna aya, in tsayar, su maimaita, ni kuma kunnena yana kan bakinsu. Nan aikina yake. Yaro zai ji sura sau ɗari, amma bai san yana mayar da sadi sin ba sai an tsayar da shi.

Za ki ce ai yanzu akwai manhajar da ke sauraren mai karatu ta nuna masa kuskure. Gaskiya ne. Sai dai ba ta san cewa yarinyar da ke ta tuntuɓe yau ba ta yi barci jiya ba, domin sun gudo daga ƙauye saboda 'yan bindiga. Wannan ba gyara take buƙata ba tukuna. Kuma kin tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan sadarwa a Jibiya har tsawon watanni. Duk wanda karatunsa ke rataye da intanet zama ya yi.

Abin da ya fi damuna ma wani ne daban. Yawancin karatun da ke cikin wayoyinmu ruwayar Hafsu ne, alhali iyayenmu, nan da tsallaken iyaka wajen Ɗan Isa da Maraɗi, da Warshu suka tashi. Wata ɗalibata ta koma gida ta ce wa kakarta, tsohuwar da ta sauke tun kafin a haifi uwarta, wai karatunta ba daidai ba ne. Subhanallahi! Wayar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta gaya mata ruwayoyin biyu duka ingantattu ne ba, balle ta koya mata yadda ake magana da kaka. To laifin wa ke nan? Na duba, nawa ne. Ni na kunna, ban yi bayani ba.

Ko Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rubuta waƙoƙinta na karantarwa, ba ta aika takarda ita kaɗai ƙauyuka ba. Jajoji ta tura, mata masu baki da kunne.

Ita kuwa uwar can, cewa na yi ta bar masa wayar. Amma bayan Magariba ta karɓe, ta sa shi ya karanta mata da ka, ranar Asabar ta zo ta gaya mini inda ya tsaya.