A Tambayi Jini Kafin a Ɗauki Wuƙa

A ƙasar Droum, cikin gundumar Mirriah ta jihar Damagaram, an yi wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta haifi 'ya'ya takwas, shida suka rayu. Ta daɗe tana ɗauke da hawan jini ba ta sani ba, har ƙafafunta suka fara kumbura, fitsari ya ragu, abinci ya daina shiga. Aka sha saiwoyi, aka sha jiƙe-jiƙe, da abin ya faskara aka kai ta babban asibitin Zinder. Likita ya ce ƙodojinta biyu sun gaza, babu makawa sai wankin ƙoda.

Haka ta shiga zaman na'ura, sau biyu a mako, awa huɗu kowane zuwa. Jininta ya yi ta raguwa, domin ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya samar da jini. Sau uku ana yi mata ƙarin jini.

Ɗanta na fari ɗan kabu-kabu ne a Zinder. Kamar yadda aka saba, Inna ba ta kama sunansa, ba ta sakar masa fuska gaban mutane, sai dai ta ce "yaron nan". Shi kuwa ya fi kowa shiga damuwa. Ya ji labarin cewa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, kuma mutum mai lafiya yana rayuwa da ƙoda ɗaya. A daren ya je gida ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ni zan ba Inna tawa. Ita ta haife ni, wa ya fi ni cancanta?"

Aka sayar da sa biyu, aka jinginar da gona, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Suka bi ta Matameye, suka tsallaka iyaka zuwa Daura, suka sauka Kano su huɗu: Inna, maigidanta, ɗan fari, da Kawu, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya biyo su don jinya.

Likitan da ya karɓe su bai yi maganar tiyata ba, sai ya hau tambaya.

"Inna, ciki nawa kika ɗauka?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yara shida ne, likita."

"Ba waɗanda suka rayu kaɗai nake tambaya ba. Har da waɗanda suka koma, har da ɓari. Sannan ki faɗa mini ko an taɓa yi miki ƙarin jini."

Ta yi shiru saboda nauyin ɗanta da ke tsaye. Likita ya nemi maza su ba su wuri, sannan ta lissafa masa: ciki goma, biyu sun zube, ƙarin jini sau uku. Ya rubuta duka.

Aka ɗebi jininta da na ɗan fari. Gwajin farko ya nuna rukunin jininsu ɗaya ne, aka yi hamdala. Na biyu ya nuna sun yi tarayya a rabin alamomin jiki, kamar yadda yake tsakanin kowace uwa da ɗanta. A na uku ne aka haɗa ruwan jinin Inna da fararen ƙwayoyin jinin ɗan a ɗakin gwaji, a ga yadda za su zauna. Ruwan jininta ya far wa ƙwayoyinsa ya kashe su.

Likita ya ce, "Ba za mu dasa mata wannan ƙoda ba."

Ɗan fari ya fita bai ce uffan ba. A masauki ya ƙi cin abinci, sai can da dare ya buɗe baki. "Kawu, tun ina yaro Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ɗauka kunya ce. Ashe har jininta ba ya so na." Mahaifinsa kuma ya ce shi dai yana ganin jan rai ne don a ƙara cin kuɗinsu. Ana cikin haka wani mutum da suka haɗu da shi a masaukin ya ja su gefe, ya ce ya san wani wuri can nesa inda ake yin aikin ba tare da wannan ɓata lokaci ba, in dai kuɗi ya cika. Uba da ɗa suka fara karkata.

Kawu ya ce, "Yaya ce za a yanka, ba mu ba. Matambayi ba ya ɓata. Gobe mu koma, likita ya fahimtar da mu, in ya so sai mu yanke shawara."

Da safe likita ya zaunar da su. "Malam, ka san tsagar gado? A da, da ganin fuskar mutum mai tsaron ƙofar birni ya san ɗan gari ne ko baƙo. To kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam tana da irin wannan tsaga, muna kiranta HLA. Rabi daga uwa ake gadonta, rabi daga uba. Garkuwar jiki tana duba ta dare da rana, wanda ta ga tsagarsa ba ta gida ba ce sai ta far masa. Kuma idan ta taɓa haɗuwa da wata tsaga, takan tanadi makami na musamman dominta ta ajiye shekara da shekaru."

Ya juya ga ɗan fari. "Hanyoyi uku ne ke sa jiki ya yi wannan tanadi: ɗaukar ciki, ƙarin jini, da dashen da aka taɓa yi a baya. Inna ta ɗauke ka wata tara da tsagar babanka a jikinka, ta sake ɗaukar ƙannenka da tsagar gidan nan sau da sau. Ga kuma jinin mutum uku da aka ƙara mata. Ba kowace mace hakan ke faruwa da ita ba, amma ita ya faru. Abin da ka gani a gwajin nan shaida ce ta zaman da ka yi a cikinta. Babu ƙiyayya a ciki ko kaɗan."

Uban ya ce, "To likita, in an rufe ido an dasa fa?"

"Cikin mintoci ko 'yan awoyi jini zai daskare a jijiyoyin ƙodar, ta yi baƙi, dole a cire ta a jefar. Ɗanka ya rasa ƙoda, matarka ta koma na'ura da sabon rauni, kuɗinku ya tafi. Da asarar rayuka aka koyi wannan darasi. Dashen farko da ya yi nasara, a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, shi ya sa jiki bai yi gardama ba. A 1958 wani likitan Faransa, Jean Dausset, ya gano ta farko cikin waɗannan alamomi. A 1969 kuma wasu masu bincike biyu, Patel da Terasaki, suka bi diddigin dashe a Amurka: cikin 30 da gwajin haɗa jini ya nuna gaba, 24 sun lalace nan take, cikin 195 da ya nuna zaman lafiya, 8 kaɗai suka lalace haka. Tun daga nan likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa sai ya ji ta bakin jini."

Ɗaki ya yi tsit. Sai likita ya tambaya ko Inna tana da 'yan'uwa shaƙiƙai. Ya ce tsakanin waɗanda suka fito ciki ɗaya, uba ɗaya, damar su gaji tsaga iri ɗaya sak ɗaya ce cikin huɗu, damar su yi tarayya a rabi kuwa biyu ce cikin huɗu.

Kawu ya naɗe hannun riga. "A fara da ni. Ɗan'uwa rabin jiki ne."

Aka aika Droum, yayar Inna da autansu suka zo. Yayar aka tarar tana da ciwon suga, aka ce ba za a taɓa ƙodarta ba, kuma a dalilin wannan zuwa ta fara shan magani. Autan rukunin jininsa bai dace ba. Kawu kuwa alamominsa suka zo daidai da na Inna gaba ɗaya, aka haɗa jininsu ya zauna lafiya. Duk da haka ba a yi gaggawa ba. Aka auna hawan jininsa, aka duba ciwon hanta da ƙanjamau, aka ɗauki hoton ƙodojinsa, aka keɓe shi aka tambaye shi ko wani ne ya tilasta masa. Dab da ranar aiki aka sake haɗa jinin, domin garkuwar jiki tana iya sauyawa.

Aka yi tiyata. Kafin gari ya waye sabuwar ƙoda ta fara fitar da fitsari. Likita ya gargaɗe su cewa magungunan danne garkuwa na kullum ne, safe da yamma, muddin ƙodar tana jikinta, kuma dole a riƙa zuwa awon jini. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, jikinsa zai juya wa ƙodar baya.

Ranar da za a sallame su, Inna ta kawar da kai wajen bango ta ce wa ƙanenta, "Ka faɗa wa yaron nan Allah ya yi masa albarka. Ya riƙe ƙodarsa ya nema mini kuɗin magani da ita." Ɗan fari ya fita waje ya yi kukansa. Daga ranar, kuɗin maganin kowane wata a wuyansa yake, kuma shi ke noma gonar Kawu har ya warware.

Darasin a fili yake. Niyya mai kyau tana da lada, amma ba ta sauya abin da ke cikin jini, kuma gwajin da ya hana ka abin da kake so sau da yawa shi ne ya cece ka. Mai ciwon ƙoda ya faɗa wa likita kowane ciki da kowane ƙarin jini, domin kunya a nan tana iya cin rai. Kada a yi ƙarin jini sai da larura da umarnin likita. Dangi su fito a gwada su da yawa, wanda bai dace ba kada ya ɗauke shi wulaƙanci, akwai sauran hidima da ke jiransa. Duk wanda ya ce zai yi muku dashe ba tare da gwaji ba, ku guje shi. Mu kuma da Allah ya bar mu da ƙodojinmu lafiya, mu riƙa auna hawan jini da suga tun kafin ƙafa ta kumbura, domin rigakafi ya fi magani.