Sayen Data: Ciniki Ne Ko Haya?

Tun daga unguwannin Kakuri da Makera, inda masaƙu suka daɗe da yin shiru, har zuwa Barnawa da Sabon Tasha, da wuya mutum ya wuce rumfar mai cajin waya bai tarar da wani yana sayen data ba. Kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai lissafin talaka ya tsaya kan neman araha, alhali mas'alar ta wuce nan.

Fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin bai'i, mai mallaka wa mutum abu ɗungurungum, da ijara, mai mallaka masa amfani zuwa ajali sananne. A nawa ganin, datar da aka yanka wa wa'adin kwana 30 ta fi kusa da ijara, saboda haka ban ga haramci a cikinta ba. Illarta a ɗabi'a take. Wanda ya ga wa'adi ya matso, ga ragowa a hannunsa, sai ya duƙufa kallon abin da babu ruwansa da shi don gudun asara, ya ceci naira ɗari, ya salwantar da sa'o'i. Rangwamen tsakar dare kuwa ya koya wa samari raya dare ba da nafila ba, har asuba ta kuɓuce musu. Wannan israfi ne ko da kuɗin halal ne, kuma ya wajaba limaman masallatai da na majami'u a waɗannan unguwanni su yi wa jama'a nasiha a kansa.